Haikalan Hindu na gaɓar tekun Tamil Nadu, da iyakar inda baƙo ke tsayawa

Mutanenmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas da ke zuwa kudancin Indiya, yawanci jinya ce ke kai su ko fatauci. Mai rakiyar majinyaci a Chennai yakan sami kwanaki a hannu tsakanin ganin likita da komawa karɓar sakamako, ɗan kasuwa kuma yakan zauna jiran a haɗa masa kaya. A irin waɗannan ranaku ne direban tasi ko mai otal zai kawo shawarar a je a ga haikali. Shawarar ba ta da laifi, domin gaɓar tekun jihar Tamil Nadu, daga Chennai har Kanyakumari, tafiyar kusan kilomita 700 a mota, cike take da gine-ginen dutse da suka haura shekara 1,000. Abin da direban ba zai gaya maka ba shi ne haikalan nan iri biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba yana iya shan tafiyar yini guda, a ƙarshe a tsayar da shi a bakin ƙofa.

Akwai waɗanda ke hannun hukumar adana kayan tarihi ta Indiya. Waɗannan ƙofarsu a buɗe take ga kowa, ka shiga ka kalla ka ɗauki hoto. Akwai kuma waɗanda ake bauta a cikinsu safe da yamma, kuma su ne suka fi yawa. A cikin irin waɗannan, idan ka wuce babbar hasumiyar ƙofa da suke kira gopuram, za ka tarar da wata doguwar sandar tuta da aka lulluɓe da tagulla, sunanta kodimaram. Nan ne iyakar wanda ba Hindu ba. A watan Janairun 2024 Babbar Kotun Madras, reshenta na Madurai, ta umarci hukumar da ke kula da haikalan jihar da ta kafa alluna masu bayyana haka, ta kuma ce duk wanda ba Hindu ba da ya nace sai ya wuce, sai ya sa hannu cewa ya yi imani da abin bautar wurin. Wannan sa hannun ba na Musulmi ba ne, ba na Kirista ba ne, don haka kada a miƙo maka rajista ka rattaba hannu kana zaton littafin baƙi ne. Hukuncin shiga harabar ita kanta kuwa maganar malamai ce, ka tambayi naka tun kana Legas, ka tafi da natsuwarka.

Idan rana ɗaya tak gare ka, Mahabalipuram za ka nufa, kuma ba sai an ja maganar ba. Garin, da ake kuma kira Mamallapuram, yana kudu da Chennai da kimanin kilomita 60 a kan titin bakin teku da direbobi ke kira ECR, kusan nisan Legas da Badagry, sai dai hanyar ta fi sauƙi, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Tashar jiragen ruwa ce ta sarakunan Pallava a ƙarni na 7 da na 8, kuma UNESCO ta sa shi a jerin wuraren tarihi na duniya a 1984. Haikalin da ke bakin ruwa, wanda kowa ya sani da Shore Temple, an gina shi a zamanin Narasimhavarman na Biyu, tsakanin shekara ta 700 da 728, da tubalan dutsen giranit da aka jera. Ɗakuna 3 ne a cikinsa, 2 na Shiva, 1 na Vishnu da aka sassaƙa a kwance, su biyun manyan ababen bautar Hindu ne. Kada ka yi mamakin ganin fuskokin sassaƙar sun sude kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Iskar gishiri ce ta shekara 1,300, shi ya sa aka jibge manyan duwatsu tsakaninsa da ruwa, aka dasa itatuwa su tare iska, ma'aikata kuma kan manna wa bangon dagargajajjiyar takarda jiƙaƙƙiya ta tsotso gishirin daga cikin dutsen. Lokacin igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004, da ruwan ya ja baya ya tono wasu sassaƙe-sassaƙen da yashi ya binne a gaɓar.

Amma abin da ya fi cancantar lokacinka a garin ba a bakin ruwan yake ba. Kimanin kilomita ɗaya da rabi kudu akwai Pancha Rathas, gine-gine 5 da ba a jera musu tubali ko ɗaya ba. Kowane ɗaya daga dunƙulen dutse aka fafe shi, tun zamanin Narasimhavarman na Ɗaya a ƙarni na 7. Masassaƙan daga sama suka faro suna gangarowa, kuma da yake ba a ƙarasa aikin ba, za ka ga rufin ya sha ado tsaf alhali gindin wasu har yanzu ɗanyen dutse ne da sawun kurfi a jikinsa. Duk mai sana'ar gini ko walda ko kafinta zai daɗe a tsaye a nan. A tsakiyar gari kuma akwai wata fuskar dutse mai tsawon kusan mita 29 da tsayin mita 13 da aka cika da siffofin giwaye, mutane, birai da macizai, tsagar da ke tsakiyarta tana wakiltar saukowar kogin Ganga. Ɗan gaba kaɗan ga wani ƙaton dutse mai nauyin kusan tan 250 zaune a kan gangare ya ƙi mirginawa, a nan kowa ke ɗaukar hoto yana yi kamar shi ya tare shi.

Tikitin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba: a 'yan shekarun nan rupi 600 ne ga baƙo, 40 ga Ba'indiye. Tikiti ɗaya ne ke shigar da kai haikalin bakin ruwa da Pancha Rathas a rana guda, saboda haka kada ka yar da shi bayan ƙofar farko, kuskuren da ke sa mutane biya sau biyu ke nan. Ana buɗewa ƙarfe 6 na safe a rufe 6 na yamma. Ka bar Chennai da an idar da Asuba, ka fara da bakin ruwa kafin motocin 'yan makaranta su iso. Masu cewa su jagorori ne za su taso maka tun daga wurin ajiye mota. Ku yanke kuɗi kafin ya buɗe baki, in ba haka ba ciniki a ƙarshe ba ya daɗi.

A cikin Chennai ɗin kanta, haikalin Kapaleeshwarar da ke unguwar Mylapore shi ne wurin ganin yadda rayayyen haikali yake. Hasumiyarsa ta gabas, mai tsayin kusan mita 37, an gina ta a 1906, kuma daga ƙasa har sama siffofi ne masu fenti kala-kala, ana ganin su sarai daga titi ba tare da an cire takalmi ba. Ta yamma akwai babban tafki mai matakala. A watan Maris ko Afrilu ana bikin fito da siffofin bayin Shiva 63 da suke girmamawa, ranar nan mota ba ta shiga unguwar. Wanda ya je Parthasarathy a Triplicane, haikalin da asalinsa ke komawa ƙarni na 8, yana kusa da Babban Masallacin Wallajah da aka gina da dutse a 1795, ga gidajen abincin Musulmi a kewaye. Keke Marwa, da can ake kira oto, shi ya fi dacewa da lungunan nan.

Akwai wasu ƙa'idoji da suka shafi duk rayayyun haikalan yankin, kuma rashin saninsu ne ke ɓata yawancin ziyara. Ana rufe su da tsakar rana, daga wajen 12 ko 12:30 har zuwa 4 na yamma. Wanda ya karya kumallo a natse ya kama hanya ƙarfe 10 zai isa daidai lokacin da ake jan ƙofa. Ana cire takalmi tun a waje a ba masu ajiya su ba ka lamba, kuma harabar shimfiɗaɗɗen dutse ce da rana ke gasawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon suga, wanda ƙafarsa kan ƙone bai ji ba sai ya koma masauki ya ga ta yi bororo. Wasu wuraren suna barin safa, wasu ba sa bari, saboda haka mai irin wannan lalura ya je kafin 9 na safe ko bayan la'asar sakaliya, ko ya haƙura da kallo daga waje. Tun Disambar 2022 kotun nan ta Madras ta ba da umarnin hana shiga da waya, kuma manyan haikalai sun tanadi wurin ajiya. Ka riƙe lambar direba a takarda, domin da yawa sukan fito ta wata ƙofa daban cikin ƙofofi 4, ba waya, ba takalmi, ba su san inda mota take ba.

Tufafinmu ba su da matsala, doguwar riga da wando ko atamfa da mayafi sun fi abin da ake nema. Sai dai a Kanyakumari, Tiruchendur da cikin Chidambaram maza kan tuɓe riga kafin su kusanci ɗakin bautar, amma da yake ba can za ka ba, ba ruwanka da wannan. Jama'a na zagayawa ne suna barin ɗakin bautar a damansu, ka bi yadda suke tafiya kada ka yi ta karo da su. Za a iya miƙo maka toka ko jan gari na shafawa a goshi, ko abincin da aka gabatar wa abin bauta, wanda suke kira prasadam. Ɗora hannu a ƙirji, ka yi murmushi ka girgiza kai, ya wadatar, ba mai jin haushi. Kada a shiga harabar da nama ko kilishi ko dambun da aka taho da shi daga gida, kada kuma a shimfiɗa darduma a can ko da lokaci ya yi. Irin waɗannan abubuwa na cikin ƙorafin da aka ambata a shari'ar 2024. Masallatai ba su da wuya a garuruwan gaɓar, kuma a tuna alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa.

Mai kwana 3 ko 4 sai ya ci gaba kudu ta Puducherry, garin da Faransa ta riƙe har 1954, ya isa Chidambaram, kimanin kilomita 230 daga Chennai. Haikalin Nataraja, wato Shiva a siffar mai rawa, ya mamaye fili kusan eka 40 a tsakiyar gari. A jikin mashigar hasumiyoyinsa an sassaƙa salon tsayuwar rawa 108, waɗanda masu koyon rawar gargajiyar Tamil ke zuwa nazari har yau, kuma wannan ɓangaren yana gaban idon kowa. Rufin ɗakin tsakiya an lulluɓe shi da fale-falen zinariya 21,600 da aka kafe da ƙusoshi 72,000. A fassararsu, adadin farko yawan numfashin ɗan Adam ne a yini, na biyu kuma hanyoyin da ke cikin jiki. Wurin ba gwamnati ke tafiyar da shi ba, wasu iyalai ne da ake kira Dikshitar suka gaje shi, Kotun Ƙolin Indiya ma ta tabbatar musu da haka a 2014. Za ka gane su da tukkun gashi da suke ɗaurewa a gefen kai. Wani cikinsu na iya tayin rubuta sunanka a littafi don a yi maka addu'a a kan wani kuɗi, ka ce na gode ka wuce.

Daga nan ina ba da shawarar a saki bakin teku na ɗan lokaci a shiga Thanjavur, tafiyar kusan kilomita 110. Haikalin Brihadeeswara da ke can ba a gaɓa yake ba, amma barin sa asara ce, kuma a ganina ya fi duk sauran. Sarki Rajaraja na Ɗaya na daular Chola ya kammala shi a 1010. Hasumiyar da ke kan ɗakin bautar ta haura mita 60, duk giranit, a yankin da ba shi da irin wannan dutse, daga nesa aka jawo shi, kan hasumiyar kaɗai ana ƙiyasta nauyinsa da tan 80. A gindin bangon an zana rubutun Tamil layi-layi da ke lissafa kyautar da aka ba haikalin, sunayen ma'aikata da abin da ake biyan kowa, har da mata masu rawa 400. Ba a biyan kuɗin shiga, filin yana da faɗi, an shimfiɗa tabarmin igiyar kwakwa saboda zafin dutse, kuma baƙo na yawo a harabar ba tsangwama. Mai komawa gaɓa ta Nagapattinam zai wuce Nagore, inda hubbaren Shahul Hamid, waliyyin ƙarni na 16, yake da hasumiyoyi 5, mafi tsayinsu wani sarkin Thanjavur mabiyin Hindu, Pratap Singh, ya gina ta.

Rameswaram, garin haikali da ke kan tsibiri, shi ne wurin da ya kamata a auna kafin a tashi. Yana da nisa, kusan kilomita 560 daga Chennai, kuma abin da ke jan miliyoyin 'yan Hindu can ibada ce da baƙo ba ya ciki: su yi wanka a teku, su bi rijiyoyi 22 na cikin haikalin ana kwara musu ruwa da guga, su sauya tufafi su shiga ɗakin bautar. Abin kallo ga mai son gini shi ne barandar waje mai ginshiƙai 1,212, dogon ɓangarenta ya kusa mita 200, aikin sarakunan Sethupathi da aka ƙarasa a ƙarni na 18. Ka tambayi masu gadi iyakar inda aka yarje maka tun a ƙofa. Daɓen kullum a jiƙe yake saboda masu wanka, tsoho ko wanda aka yi wa aikin gwiwa ko ƙugu bai kamata ya taka shi ba.

Tsibirin kansa ne ke biyan wahalar tafiyar. Tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta Pamban, mai tsawon kilomita 2 a kan teku, ta fara aiki a 1914, an kuma buɗe sabuwa a Afrilun 2025 wadda tsakiyarta ke ɗagawa sama jiragen ruwa su wuce. A garin aka haifi A.P.J. Abdul Kalam a 1931, masanin kimiyyar roka da ya shugabanci Indiya daga 2002 zuwa 2007. Mahaifinsa limamin masallaci ne, kuma da kwalekwalensa yake tsallakar da masu ziyarar haikalin. Gidansu ya zama gidan tarihi, kabarinsa na wajen gari. Kimanin kilomita 20 gaba akwai Dhanushkodi, garin da guguwar Disambar 1964 ta shafe har da jirgin ƙasa da fasinjojinsa, yau sai kufai da titi miƙaƙƙe, ruwa dama da hagu, Siri Lanka na can tsallake kusan kilomita 30. 'Yan sanda na fitar da mutane kafin duhu, kuma ruwan wurin ba na iyo ba ne. Jirgin dare zuwa Rameswaram daga tashar Egmore yake tashi, ba Central ba. Tashoshin biyu duk a Chennai suke, kuma wanda ya ce wa direba tashar jirgi kawai, Central zai kai shi. Ana fara sayar da tikiti kwana 60 kafin tafiya, gadajen tarago mai sanyi kuma su ke fara ƙarewa.

Tiruchendur, can kudu, shi kaɗai ne a bakin teku cikin manyan haikalan abin bautarsu Murugan guda 6, kuma sojojin Holan sun taɓa mayar da shi sansani a shekarun 1640. Kallonsa daga rairayi ya isa, layin shiga kan ɗauki awoyi. A kwana a Kayalpattinam, tsohon garin Musulmi da ke kusa, ko a ci abinci can. Kanyakumari kuwa, ƙarshen ƙasar Indiya ta kudu, haikalinta ƙarami ne kuma cunkushe, mutane sun fi zuwa don fitowar rana da faɗuwarta, da jirgin ruwan da ke kai su dutsen tunawa da malamin Hindu Vivekananda na 1970 da mutum-mutumin mawaƙi Thiruvalluvar mai tsayin ƙafa 133. Haikalin Suchindram, kimanin kilomita 12 daga nan, ya fi shi aikin dutse, har da ginshiƙan da ke ba da sauti daban-daban in an ƙwanƙwasa. Kada wani ya ja ka zuwa haikalin Padmanabhaswamy a Thiruvananthapuram ta jihar Kerala don ka ji labarin dukiyar da aka gano a ɗakunansa na ƙasa a 2011, domin 'yan Hindu kaɗai ke shiga.

Lokacin zuwa ya sha bamban da abin da muka saba. Damina mai ƙarfi a wannan gaɓa daga Oktoba zuwa Disamba take, da guguwa, ita ce ta nutsar da Chennai a Disambar 2015 da ta 2023. Afrilu zuwa Yuni zafi kan kai digiri 40. Janairu zuwa farkon Maris ne daidai, ban da tsakiyar Janairu lokacin bikin Pongal, da jiragen ƙasa da otal ke cika. Kada a bar Legas ba katin rigakafin shawara, kuma allurar sai ta kwana 10 take karɓuwa, wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6. A tambayi batun takardar rigakafin shan inna a ofishin jakadancin Indiya da ke Victoria Island lokacin neman biza. A ƙananan garuruwan haikali ba kowane masauki ke karɓar baƙon waje ba, saboda doka ta wajabta musu cike wata takarda da ake kira Form C su aika wa hukuma, wasu kuma ba su yi rajistar hakan ba. A kira a tabbatar kafin a biya, kuma fasfo na asali ya kasance a jiki, na mai jinya da na majinyaci duka, ko da asibiti ya riga ya ɗauki kwafinsa.